Ya tashi da ƙafarsa, ciwo ya biyo baya: fashin baƙi kan raunin hatsarin mota da neman diyya a Damagaram

Duk mai yawo a titunan Damagaram ya san irin wannan yanayi. Mota ta ture kabu-kabu kusa da Kasuwar Dole, fasinja dattijo ya faɗi ta gefen hagu, kansa ya bugi kwalta. Kafin ka ce kwabo mutane sun yi cincirindo. Ya miƙe da ƙafarsa yana karkaɗe riga, gwiwar hannu kawai ta ƙuje. Mai motar ya fito jikinsa na rawa: "Sannu Baba, mu je likita a duba ka." Dattijon ya ce, "A'a ɗana, ba komai, tsautsayi ne. Allah ya kiyaye gaba." Aka cusa masa jika 5 a aljihu na magani, aka ba mai babur na gyara, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya rubuta lambar motar.

A cikin minti 10 an yanke hukunci biyu, dukansu kafin lokacinsu. An yanke cewa dattijon lafiyarsa lau, alhali jiki bai gama faɗin abin da ya same shi ba. An kuma yanke cewa magana ta mutu, alhali dokar inshora, wadda a nan aka fi sani da asirans, ta tanadar masa haƙƙin da ba a karɓarsa sai da takarda, takardar kuwa ranar hatsarin ake fara haɗa ta. Yafiya halin kirki ce, ba kuma wanda ke cewa a daina ta. Mutum na iya yafe wa direba har cikin zuciyarsa, a kuma yi konsta, wato rahoton hatsarin da jami'an tsaro ke rubutawa, domin wanda zai biya kuɗin magani kamfani ne da ya riga ya karɓi kuɗin mai motar saboda irin wannan rana.

Abin da ke sa ciwon ya yi jinkiri

Idan mutum ya firgita, jiki na sakin sinadarin adirenalin da wasu sinadarai masu danne zafi. Zuciya ta ƙara gudu, hankali ya tattara kan tsira. Shi ya sa za ka ga mai karaya ya taka ƙafar ya tsallake titi. Wannan kariya ba ta wuce 'yan sa'o'i. Kumburin nama kuwa a hankali yake taruwa, yakan kai matuƙa tsakanin awa 24 zuwa 72, don haka ne ake kwana lafiya a wayi gari wuya ya ƙi juyawa.

Wanda ya fi kisa shi ne jinin da ke zuba a ciki. Babban mutum na da kimanin lita 5 na jini. Matashi mai ƙarfi zai iya rasa kusan lita ɗaya da rabi kafin awon hawan jininsa ya nuna ya faɗi, saboda jiki na tsuke jijiyoyi ya rufe giɓin. Abin da ke fara tona asiri shi ne bugun zuciya ya haura 100 a minti ɗaya mutum yana kwance, da ƙishirwa, da gumi mai sanyi, da tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari, da jiri idan ya miƙe. Idan aka ga waɗannan bayan hatsari, ba ruwan sanyi da hutawa ake nema ba, asibiti ake nufa a take.

Kai

Buguwar kai ce ta fi yaudarar iyali. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin bai da kauri, kuma akwai jijiyar jini da ta ratsa ta ƙarƙashinsa. Idan ƙashin ya tsage ya yanke ta, jini na taruwa tsakanin ƙoƙon kai da tantanin da ya rufe ƙwaƙwalwa. Mutum zai iya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo, ya yi magana daidai, har ya ci abinci. Bayan wasu sa'o'i ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci ya rinjaye shi. 'Yan gida su ce gajiya ce, a bar shi ya huta. Wannan barcin ne ake tsoro. Idan aka kai shi da wuri aka cire jinin, da yawa na warkewa sarai. Idan aka bari sai da safe, sau da yawa an makara.

Saboda haka duk wanda kansa ya bugu, a daren farko kada a bar shi shi kaɗai. A tashe shi lokaci zuwa lokaci, a tambaye shi sunansa, da inda yake, da abin da ya faru. A haska idanunsa a ga ko ƙwayar ɗaya ta fi ɗaya buɗewa. Amai fiye da sau ɗaya, jijjiga, hannu ko ƙafa ɗaya ta yi nauyi, magana ta harɗe, ruwa garai-garai ko jini na fita ta hanci ko kunne, duk alamun tafiya asibiti ne ko da ƙarfe 2 na dare. Baƙin tararren jini a kewayen idanu biyu ko a bayan kunne yakan fito bayan kwana 1 zuwa 3, kuma yana nuna tsagewar ƙashin gindin kai.

Akwai nau'i na biyu da ya fi wannan haƙuri, kuma dattijai ya fi kamawa. Da shekaru suka ja, ƙwaƙwalwa na ɗan motsewa, ƙananan jijiyoyin da suka haɗa ta da tantaninta su miƙe kamar zare. Buguwa kaɗan ta isa ta tsinka ɗaya. Jinin na tsattsafowa sannu a hankali, alamun ba sa bayyana sai bayan mako 3, wani lokaci wata 2 ko fiye. Sai a ga Baba ya fara mantuwa, yana jan ƙafa ɗaya, yana yawan barci, halinsa ya canja, wani lokaci fitsari na kufce masa. A nan ne iyali ke rarrabuwa: wani ya ce tsufa ne, wani ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, wani ya ce iska ce ko sammu. Ba wanda ya tuna faɗuwar da aka yi kusa da kasuwa wata guda da ya wuce. Abin takaici shi ne wannan ciwo yana daga cikin waɗanda tiyata ke warkarwa. Hoton radiyo, wato hoton ƙashi, ba ya nuna shi, sai sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin kai. Masu shan maganin tsinka jini saboda ciwon zuciya sun fi kowa shiga wannan haɗari, kuma dole a faɗa wa likita tun ranar farko cewa suna sha.

Ciki da ƙirji

Saifa na gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari na ƙasa, daidai inda kan babur ko gefen mota ke samu. Tana da fata siririya da ta lulluɓe ta. Wani lokaci cikinta ke fashewa fatar ta riƙe jinin, mutum ya ci gaba da harkokinsa da ɗan ciwo a gefe. Bayan kwana 2 ko fiye, galibi a cikin mako 2 na farko, fatar ta yage, wataƙila lokacin da ya ɗaga buhu ko ya yi tari mai ƙarfi, jini ya malale cikin ciki. Wannan batu ya shafe mu fiye da wasu ƙasashe, domin zazzaɓin cizon sauro da ke maimaituwa yana kumbura saifa, kumburarriyar saifa kuwa ta fi saurin fashewa. Alama ɗaya da mutane ba su sani ba ita ce ciwo a kan kafaɗar hagu alhali kafaɗar ba ta bugu ba: jinin ne ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Hoton eko na nuna ruwan da ya taru a ciki cikin 'yan mintoci. Wanda ya bugu a wannan gefe ya nemi a yi masa, ya kuma nisanci ɗaukar kaya da hawan babur har likita ya ba shi izini.

Wanda ya ɗaura bel a mota ya tsira daga mafi muni, amma idan bel ɗin ya bar shatin tararren jini a kan mara, a sa ido sosai. Hanji na iya hujewa, alamun su ɗauki awa 12 zuwa 24 kafin su fito: ciki ya ƙage kamar katako, zazzaɓi, amai. Jini a fitsari na nuna ƙoda ko mafitsara ta taɓu.

Karayar haƙarƙari ita kanta tana ɗinkewa cikin kimanin mako 6. Matsalar tana ga huhun da ke bayansa. Huhun da ya bugu yakan ƙara lalacewa a cikin awa 24 zuwa 48, jini ko iska na iya taruwa a kewayensa daga baya. Ɗaure ƙirji tamau da rawani ko zane, wanda ake yi da kyakkyawar niyya, yana hana numfashi mai zurfi, majina ta kwanta, ciwon huhu ya shiga. Abin da ake so shi ne maganin rage zafi isasshe, da jan numfashi mai zurfi sau da yawa a yini.

Wuya, baya da gaɓoɓi

Idan aka bugi mota ko babur daga baya, jiki na yin gaba, kai ya yi baya sannan ya dawo da ƙarfi. Tsoka da jijiyoyin wuya su ja fiye da kima. Ciwon na farawa a ranar ko washegari, tare da ciwon ƙeya da nauyin kafaɗu. Mafi yawa na warkewa cikin makonni. Radiyo ba ya nuna shi tunda ba ƙashi ne ya karye ba, kuma a nan ake yawan jayayya da kamfanin inshora. Abin da ke raba shi da babban rauni shi ne ciwo daidai kan ƙashin tsakiyar wuya, ko hannu ya riƙa mutuwa yana yi kamar ana tsira masa allura, ko abu ya riƙa suɓucewa daga hannu. A baya kuma, idan fitsari ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓawa, ana danne jijiyoyin ƙarshen laka ne, kuma sa'o'i ake ƙirgawa.

Wanda ya faɗi ya dafa ƙasa da tafin hannu, ya ji ciwo a gindin babban yatsa, kada ya yarda da "targaɗe ne" nan take. Akwai ƙaramin ƙashi a wuyan hannu da karayarsa sau da yawa ba ta fita a hoton farko. Ana saka filasta a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14. Idan aka yi sakaci ƙashin na iya ƙin haɗewa, makanike ko tela ya rayu da hannun da ba ya iya murɗa ƙarfe ko riƙe almakashi.

Sai maganar ɗori, wadda ba za a tsallake ta ba. Mutane na zuwa wurin maɗori saboda kusa yake, kuɗinsa kaɗan ne, kuma iyaye da kakanni can suka je. Haɗarin yana cikin ɗaurin. Tsokar ƙauri da ta hannu suna cikin wata fata mai tauri da ba ta buɗewa. Bayan karaya naman na kumbura kwana 2 zuwa 3. Idan aka jera karare aka ɗaure tamau a ranar farko, kumburin ba shi da inda zai je, sai ya toshe hanyar jini. Tsokar da ta rasa jini na kimanin awa 6 ta fara mutuwa. Alamar farko ciwo ne da ya wuce misali, wanda magani ba ya taɓawa, kuma yana ƙaruwa idan aka miƙar da yatsu. Ana ce wa yaro ya daure, ɗorin ne ke kamawa. Daga nan yatsu su yi sanyi, su mutu, su yi baƙi. Yara da dama sun rasa hannu ta wannan hanya, a kan karayar da filasta zai warkar cikin 'yan makonni. Idan ciwo na ƙaruwa bayan ɗauri, ko na maɗori ne ko filastan asibiti, a kwance shi ko a koma a tsaga shi a take.

Wanda ya daɗe a kwance kuma, sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, gudan jini ne ake zargi. Kada a murza ta. Idan numfashi ya sarƙe farat ɗaya, gudan ya tafi huhu. Rauni mai ƙasa a ciki, har da ƙunar salansa, yana buƙatar wanki da allurar tetanus, domin ciwon sarƙe haƙora yakan bayyana ne tsakanin kwana 3 zuwa 21.

Mace mai ciki ta je a duba ta ko da ba ta ji komai ba, domin mabiyiya na iya ɓamɓarewa jini ya taru a ɓoye. Ciwon mara, zubar jini ko raguwar motsin jariri ba sa jiran safiya. Ƙaramin yaro da ya ƙi nono, yake kuka ba ƙaƙƙautawa ko ya yi laushi, shi ma haka.

Game da magani: a kwanakin farko a guji asfirin, ibuprofen da diklofenak, domin suna ƙara zubar jini. Tramol ya fi su illa a nan, yana kawo barci da amai, ya rufe ainihin alamun da ake tsaro a buguwar kai. Parasitamol ya isa kafin a ga likita, giram 1 ga babba duk bayan awa 6 zuwa 8, kada a wuce giram 3 a yini sai da umarninsa. Akwai kuma raunin da ba ya jini: mafarkin hatsarin, firgita da ƙarar birki, kasa hawa mota. Idan ya wuce wata guda yana hana aiki, ciwo ne da ake yi wa magani, kuma a faɗa wa likita ya rubuta.

Dokar da ke aiki, da takardun ranar farko

Inshorar mota a Nijar na tafiya ne bisa kundin CIMA, dokar bai ɗaya ta ƙasashen Afirka 14 da aka rattaba wa yarjejeniyarta hannu a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Ta wajabta inshora a kan duk abin hawa mai inji, har da babur da adaidaita. Akwai abubuwa a cikinta da mutane da yawa ba su san suna da su ba. Fasinja da mai tafiya a ƙasa ana biyan su raunin jikinsu ba tare da an kafa musu hujja da kuskurensu ba, sai in da gangan suka nemi cutar da kansu. Matar direba da 'ya'yansa da ke cikin motar su ma ana biyan su. Idan direban ba shi da permi, wato lasin tuƙi, ko ya sha giya, wannan tsakaninsa ne da kamfanin, ba ya zubar da haƙƙin wanda aka ji wa rauni. Direba kuwa hukuncinsa daban: inshorar dole ta motarsa ba ta biyan raunin kansa, kuma idan yana nema daga inshorar ɗaya motar, ana rage masa gwargwadon laifinsa.

Tushen komai shi ne konsta. A cikin gari 'yan sanda ke yi, a kan hanyar Tanout, Magaria, Gouré ko Takieta kuwa jandarma. Ana kiran 17 don 'yan sanda, 18 don 'yan kwana-kwana. Ceton rai ke gaba, amma wani daga cikin dangi ko abokan tafiya ya ɗauki hoton motocin a inda suka tsaya, da lambobinsu, da takardar inshora ta yadda sunan kamfani, lambar kwangila da ranar ƙarewa za su karantu, da kart giriz, wato takardar rajistar motar, da lambar wayar shaidu biyu. Idan motar mai lambar ƙasar waje ce, wannan ya ƙara zama dole, don da zarar ta tsallaka iyaka nemanta ya zama aiki. A tabbatar sunan wanda ya bugu ya shiga rahoton a matsayin mai rauni. Fasinjojin da suka ce ba komai suka tafi, sunansu ba ya shiga, kuma su ne ke dawowa bayan mako ba su da abin nunawa. Wanda ciwo ya taso masa washegari ya koma komisariya ko birgad ɗin jandarma a ƙara sunansa, ya karɓi takardar da ke tura shi wurin likita. Doka ta ba jami'an wata 3 su aika wa kamfanonin inshora kwafin rahoton, kuma mai rauni na da damar neman kwafinsa daga kamfanin kyauta.

Takarda ta biyu ita ce sartifikan likita na farko, kuma a ganinmu ita ce ta fi kowace muhimmanci a rauni mai jinkiri. Ga dalili. Ranar da likitan kamfani zai duba mutum, tambayar da zai amsa ita ce: wannan ciwo daga wannan hatsari ya fito? Zai duba ko wurin da ya bugu shi ne wurin da ke ciwo yanzu, ko tazarar lokacin ta dace da irin ciwon, ko akwai zuwa asibiti a tsakani, da ko mutumin na da ciwon tun da can. A koma kan dattijon nan. Idan sartifikansa na farko ya ce "ƙujewa a gwiwar hannun hagu" kawai, bayan mako 5 aka yi masa tiyatar kai, kamfani zai ce ina shaidar kai ya bugu? Da an ƙara layi ɗaya, "buguwa a gefen kai na hagu, da ciwon kai", da zancen ya ƙare. Don haka a gaban likita ba wurin nuna jarumta ba ne. A lissafa masa komai: "Likita, kaina ya bugi ƙasa, na ɗan ga duhu, nan ƙarƙashin haƙarƙari ma ina ji idan na ja numfashi." A duba an rubuta ranar hatsari, kowane wuri da gefensa, kwanakin hutun aiki, da sa hannu da hatimi. Duk sabuwar alama da ta fito daga baya, a koma a rubuta ta da kwanan wata. Idan hutun ya ƙare ba a warke ba, a karɓi takardar ƙarin kwanaki. Wanda aka turo daga asibitin gunduma zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram ya adana takardar turowar, ita ce ke haɗa zaren.

Kuɗin magani ana mayar da shi ne bisa shaida: ordonans, wato takardar maganin da likita ya rubuta, tare da rasiɗin farmasi mai hatimi, rasiɗin radiyo, eko, sikana da kwanciya. Maganin da aka saya a tire a bakin tasha da kuɗin da aka kai wa maɗori ba su da rasiɗi, sun tafi ke nan. Wanda ya zaɓi asibitin kuɗi ya sani cewa abin da za a mayar masa ba zai wuce ninki biyu na farashin asibitin gwamnati ba. A ba kamfani kwafi, a riƙe na asali, a kuma karɓi shaidar ajiya mai kwanan wata a kan duk abin da aka miƙa. Ma'aikacin da ke da rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, idan hatsarin ya same shi a hanyar zuwa aiki ko dawowa, ya sanar da mai aikinsa nan da nan, domin ana lissafa shi cikin hatsarin aiki.

Lissafi da sa hannu

Ba a rufe lissafin rauni sai likita ya tabbatar ciwon ya tsaya, wato ya warke ko ya kai matsayin da magani ba zai ƙara canja shi ba. Kafin wannan rana, abin da ya dace a karɓa shi ne kuɗin wucin gadi, a kuma tabbatar an rubuta haka a takardar. Doka ta ɗora wa kamfani wa'adin gabatar da tayin diyya, ko mai rauni ya nema ko bai nema ba, kuma akwai tarar jinkiri idan ya wuce shi. Idan kamfani zai sa likitansa ya duba mutum, sai ya sanar da shi aƙalla kwana 15 kafin ranar, kuma mutum na da damar zuwa da nasa likitan, a aljihunsa. Rahoton na zuwa cikin kwana 20, kwafi ɗaya na mai rauni ne. Idan ba a yarda da sakamakon ba, ana zaɓen likita na uku da yardar ɓangarorin biyu.

Diyyar ba ciniki ba ce, ma'auni gare ta, kuma an ɗaure shi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya koma jika 42 a wata tun Janairun 2024, wato sefa 504,000 a shekara. Kwanakin rashin aiki ana biyan su idan sun wuce 8. Mai albashi ana duba abin da ya karɓa a wata 6 kafin hatsari, wanda ba shi da takardar shaidar samu kuwa, kamar manomi ko ɗan tireda, ana yi masa lissafi da mafi ƙarancin albashin. Birkila da likita ya ba hutun kwana 45 zai samu kimanin jika 63 a wannan fanni kaɗai. Azabar da aka sha tana da matakai 8, daga kashi 5 cikin 100 na albashin shekara zuwa kashi 300. Mataki na uku kashi 20 ne, wato 100,800. Tabo ko nakasar kamanni ana auna ta daban, amma da wannan ma'aunin. Nakasa ta dindindin kuma likita ke ba ta maki cikin 100, darajar kowane maki ta danganta da shekarun mutum da girman nakasar. Asarar hanyar samun abinci ana ƙara ta ne idan nakasar ta kai kashi 50, kuɗin mai jinya kuwa sai ta kai kashi 80. A ajiye waɗannan kusa da jika 5 da aka cusa wa dattijo a aljihu.

Takardar sulhu ta ƙarshe galibi da Faransanci take, kuma ma'anarta ita ce an biya an gama. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa sai wani amintacce da ya iya karatu ya karanta ta layi-layi, an ga kowane fanni da adadinsa. Bayan sa hannu akwai kwana 15 na janyewa idan sulhun ya saɓa wa kundin, ta wasiƙa mai rajista. Daga ƙarewarsu kamfani na da wata 1 ya biya. Sulhun da ya shafi yaro ƙarami yana da ƙa'idojin amincewa na musamman, kawu ko maƙwabci ba zai rufe shi da bakinsa ba. A yi hattara da 'yan kamasho da ke zagaya gadajen asibiti suna neman a ba su wakilci a rubuce. Wanda ke son taimako ya nemi lauya, a kuma yi yarjejeniyar ladansa a takarda tun farko.

Idan tayin bai zo ba, ko ba a daidaita ba har wa'adin ya cika, ƙofar kotu a buɗe take, amma haƙƙin ƙara na faɗuwa bayan shekara 5 daga ranar hatsarin, ba daga ranar da ciwon ya bayyana ba. Idan kuma abin hawan ba shi da inshora, kamar yadda ake yawan samu a babura, haƙƙin bai faɗi ba, yana kan direba da mai abin hawan su biya daga aljihunsu. A irin wannan hali sulhu a gaban dattijai ko mai unguwa yakan fi kotu sauri. A rubuta shi da shaidu, a sa lambar abin hawan da ranar hatsari, a kuma bayyana a fili cewa kuɗin da aka bayar na maganin da aka yi zuwa yau ne, duk abin da likita ya gano daga baya za a sake zama a kansa.